Tsakuwa a Ƙarƙashin Harshena

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni direba ne a Jidda. Wata uku ina fama, da na kai loma baki sai ƙasan muƙamuƙina ya kumbura, zafi kamar ana soka allura. Gwaggona ta ce hangum ne.

Hoton eksire bai nuna komai ba, sai da aka yi sikanin aka gano tsakuwa kamar ƙwayar dawa ta toshe magudanar yawu. Likita ya ce yawancinta sinadarin kalsiyam ne da fosfet, kuma ƙarancin shan ruwa na taimaka mata taruwa. Ga mu cikin zafin Saudiyya, muna wuni a mota ba ruwa!

Don Allah ku faɗakar da alhazanmu kafin su taso.

Naku,
Wani direba, Jidda