Jaruman Komik Da 'Yan Mutum-mutuminsu Na Wasan Tebur: Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ba kasafai ake tattauna shi da Hausa ba, duk da cewa yaranmu da ƙannenmu yanzu sun san Spider-Man da Hulk da Black Panther kamar 'yan unguwarsu. Maganar ita ce ta wasannin tebur da ake yi da ƙananan mutum-mutumin roba na waɗannan jarumai, a jera su a kan taswira, a jefa dayis irin na ludo, su gwabza. Na san akwai masu ƙin ajiye mutum-mutumi a gida saboda addini, wannan fage ne na malamai kuma ina girmama shi, ni abun da ya kawo ni shi ne ko waɗannan 'yan robobi suna riƙe amanar jaruman da aka ɗauko daga littattafan komik ko kuwa sunan kawai suke ci.

Wani ɗan uwana da ke karatu a Ingila ne ya fara kawo mana HeroClix gida, kuma shi ne wasan da ya fi daɗewa a wannan harka. Kamfanin WizKids na Amurka ne ya fito da shi a 2002, da jaruman kamfanin komik na Marvel ya fara sannan na kamfanin DC suka biyo baya a shekarar. Kowane ɗan mutum-mutumi yana tsaye ne a kan wani faifai mai juyawa, a jikin faifan akwai 'yar taga da ke nuna lambobi huɗu, gudu da kai hari da kare kai da kuma yawan ɓarnar da zai yi in ya samu mutum. In an buge shi sai ka murɗa faifan ya yi ƙas, lambobin su canza, an ƙara bugunsa ka ƙara murɗawa, har ka kai inda babu lamba sai KO, shikenan ya fita daga wasa. Launin da ke bayan kowace lamba kuma shi ke faɗa maka wace baiwa yake da ita a wannan lokacin.

Toh a nan ne wallahi na fara ganin basirar waɗanda suka ƙirƙiro abun. Yawancin jarumai in ana dukansu lambobinsu sauka suke yi, kamar dai kowa, amma ka ɗauki Hulk na farko-farkon nan, a murɗawar farko ba wani abun tsoro ba ne, lambobinsa ƙanana, sai an mare shi sau ɗaya sau biyu sannan ka ga lambobi suna hawa maimakon sauka, ƙarfin ɗaukar manyan abubuwa ya bayyana, fatarsa ta daina jin duka. Wanda ya karanta labarin Hulk tun fitowarsa a 1962 ya san haka yake, iya fushinsa iya ƙarfinsa. Kuma abun da ya fi burge ni shi ne yadda wannan ke canza tunanin abokin karawarka, za ka ga ya ɗauki dayis ya riƙe a hannu yana juya su ya kasa jefawa, yana lissafi, in na taɓa shi kaɗan na tsokano wa kaina, in na ƙyale shi kuma zai iso ni, dole sai dai in tara kowa mu rufe shi lokaci ɗaya. Wannan tsoron da ke fuskar mutum a bakin tebur shi ne Hulk, ba koren fentin ba, don fenti kam ko a kasuwar 'yan kayan wasan yara za ka samu koren ƙato.

Haka Wolverine, in ya kusa mutuwa sai launin warkewa ya fito, ka jefa dayis ka murɗa faifan baya ya dawo da ransa, mutum ya gama murna ya ga aiki ya dawo sabo. Spider-Man kuma ko an same shi yana da damar jefa dayis ɗaya, in ya ci sa'a ya goce, wato wannan jin haɗari da yake yi tun kafin ya iso. Batman an ba shi ɓuya a inda babu mai hango shi daga nesa da kuma dabarar kashe wa abokin gaba baiwa ɗaya, mutum ne da ba shi da wani ƙarfi na daban sai shiri da ƙwaƙwalwa, kuma haka za ka ji shi a hannunka. A wannan ɓangaren ban da ƙorafi ko kaɗan, sun yi ƙoƙari, musamman daga 2007 da suka fara haɗa kowane jarumi da katinsa mai baiwa ta musamman wadda ba irin ta kowa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganar maki. Wasa ne, dole a yi adalci tsakanin mutum biyu, don haka kowane jarumi yana da farashinsa, a HeroClix yawanci maki 300 ake ba kowa ya haɗa tawagarsa. Ba dara ba ce da kowane dutse daidai yake da ɗan uwansa, a nan an ce maka wannan Superman ne wancan kuma ɗan daba ne mai riƙe da sanda, amma saboda wasa ya yiwu dole a bar wa ɗan daban ƙofa, in dayis biyu suka faɗi shida-shida to ya samu ko waye, doka ce. A littafi Superman zai iya gama da irin waɗannan guda hamsin kafin ka ƙifta ido, a tebur kuwa in ka zuba rabin makinka ko fiye a kansa sai ƙananan mutane huɗu biyar su zagaye shi, ɗaya ya kashe masa taurin jiki, sauran su yi ta sara har ya faɗi. Na fahimci dalili, in aka yi shi yadda yake a littafi babu wanda zai zauna ya yi wasa da kai, amma mu daina cewa wannan Superman ne ɗari bisa ɗari.

Abun da ya fi ci mini rai ma na Black Panther ne. T'Challa, wato sunansa na ainihi, ya fara fitowa a 1966, kuma a wannan fitowar ta farko gayyatar tawagar jarumai huɗu ta Fantastic Four ya yi zuwa ƙasarsa Wakanda, ya ɗana musu tarko, ya rarraba su yana kamawa ɗaya bayan ɗaya don ya gwada kansa. Sarki ne, masanin kimiyya ne, mai tsara abu tun kafin ya faru. Masu HeroClix sun gane haka sai suka ba shi wannan dabara ta kashe baiwar abokin gaba da kuma ɓuya, daidai ne a takarda. Amma da yake akwai samfurinsa mai arha sosai, sai 'yan wasa suka mayar da shi ɗan aike, a ajiye shi a cikin ciyawa can bayan fage, ba ya faɗa ba ya jagoranci, aikinsa kawai ya kashe wa wani baiwa domin babban jarumin tawagar ya samu hanya. Duk abun da aka rubuta a faifansa gaskiya ne game da shi, amma yadda ake amfani da shi a tebur ba sarkin Wakanda ba ne ko kaɗan.

Sai ɗayan wasan, Marvel: Crisis Protocol, wanda kamfanin Atomic Mass Games ya fitar a 2019. Shi wannan ba a fente yake zuwa ba, gutsi-gutsin roba ne ruwan toka a jikin firam, kai za ka yanke da 'yar almakashi, ka manna hannu da ƙafa da gam, ka zauna da siririn buroshi kana bin layukan gizo-gizo a ƙirjin Spider-Man kana riƙe numfashi kada hannu ya girgiza. Sun fi na HeroClix girma da kyan sassaƙa nesa ba kusa ba, su na HeroClix da yake a fente suke fitowa da yawa-yawa daga masana'anta wani lokacin za ka buɗe kwali ka ga ido ɗaya ya kalli gabas ɗaya yamma. Amma fa kyan ba shi ne ya sa nake ganin wannan wasan ya fi kusa da komik ba. Dalili shi ne ba kashe kowa ne hanyar cin wasa kaɗai ba, ana ci ne da riƙe wurare da ɗauko abubuwa ko mutanen da ke cikin haɗari, wanda ya fara kai maki 16 ya ci, don haka za ka iya barin faɗa ka ruga ka ɗauko wani abu kuma hakan ya zama shi ne daidai, kuma ai haka labaran suke, jarumi ba don ya doki wani yake fitowa ba, don ya hana wata masifa ne. Ana ɗaukar mota a jefa, ana ɗaukar mutum a maka shi da gini. Captain America kuma yana da damar tsayawa ya karɓi harin da aka kai wa abokinsa da ke kusa, kuma duk wanda ya riƙe shi sai ka ga ya fara tura shi gaba yana kare na baya ba tare da an ce masa ya yi ba. Ko Hulk ɗinsu ma haka, kowa katinsa fuska biyu ne, lafiyayye da wanda ya ji rauni, shi kuwa da aka fito da shi fuska ɗaya ce mai dogon rai, kuma iya dukan da ya sha iya dayis ɗin da ake ƙara masa.

Duk da haka akwai inda suka ba ni haushi. Na farko doka ta yarda ka haɗa kowa da kowa, za ka iya saka Captain America da Red Skull a tawaga ɗaya su yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa, mutumin da aka ƙirƙira a 1941 don yaƙar 'yan Nazi tare da babban ɗan Nazin da ya fi tsana a duniya. Masu neman cin gasa ba ruwansu, in lambobi sun dace shikenan.

Na biyu kuma Storm, kuma a nan zan ɗan daɗe don ita ce na fi so a duk X-Men. Ororo Munroe, wato sunanta na ainihi, ta fito a 1975, mahaifiyarta 'yar sarauta ce daga Kenya, mahaifinta Ba'amurke mai ɗaukar hoto, tana ƙarama gini ya rufto musu a Alƙahira iyayenta suka rasu ita kuma ta maƙale a ƙarƙashin ɓaraguzai, ta tashi marainiya tana yankan aljihu a titi, kuma tun daga nan ba ta iya jure matsattsen wuri, in aka rufe ta a ƙunci sai ta rikice gaba ɗaya, macen da ke juya hadari da tsawa da guguwa. Wannan raunin shi ne rabin labarinta. A katinta akwai walƙiya, akwai iska, akwai tashi sama, an kuma ba ta jagorancin tawagar X-Men wanda ya dace da ita, amma tsoron nan babu shi, tarihin titin Alƙahira babu shi. Sannan a wannan wasan farashinta 3 aka sa, na Cyclops ɗan tawagarsu kuma 4, alhali a 1986 lokacin da ta rasa baiwarta kwata-kwata ta kara da shi Cyclops ɗin a kan wa zai jagoranci tawagar, ta fizge masa gilashin da ke tsare hasken idonsa ta ci shi da hannu da wayo kawai. Za a ce mini lambar ba darajar jarumi take aunawa ba, amfaninsa a tebur take aunawa, na ji, amma yaron da bai taɓa buɗe littafin ba abun da zai ɗauka shi ne ita ƙarama ce a kansa.

Abun da na lura shi ne kamfanonin nan sun ƙware wajen mayar da ƙarfi ya zama doka, amma rauni da hali sai su tsallake. In raunin na waje ne kamar koren dutsen nan da ke karya Superman, yana da sauƙi, a yi ɗan dutse a ajiye a taswira. Amma Batman da ya haramta wa kansa kisa, ko Peter Parker, wato Spider-Man, da kullum yana tsakanin faɗa da kuɗin haya da lafiyar gwaggonsa, ko Bruce Banner da babban burinsa shi ne kada ya zama Hulk ɗin ma sam, waɗannan ba sa shiga kati, kuma dalilin a fili yake, wa zai cire kuɗinsa ya sayi jarumin da doka za ta hana shi yin abun da yake so? Ga kuma kasuwanci, HeroClix a rufaffen kwali ake sayar da shi ba ka san me ke ciki ba, wasu jaruman birjik wasu kuma da ƙyar ake samu, sai ya zama jarumi ɗaya yana da samfuri barkatai, na kayan fim daban na kayan littafi daban, kuma sau da yawa wanda ya fi wuyar samu shi ake cusa wa baiwa har da wadda sau ɗaya tak ya taɓa nunawa a labari.

Ni dai roƙona ga matasanmu da suka fara zana nasu komik ɗin da masu sha'awar ƙirƙirar wasanni, don na san wata rana za a yi wa namu jaruman irin wannan, in kun zo rubuta dokar jarumi ku fara da abun da ba zai taɓa yi ba da abun da yake tsoro kafin ku zo kan ƙarfin damtsensa, ku ba ɗan wasa lada in ya bi halin jarumin, ku ci shi tara in ya saɓa. Mu ma a gida mun sa wa kanmu doka, ba a haɗa maƙiya na asali a tawaga ɗaya, kuma in aka matse Storm tsakanin gine-gine ta ko'ina sai an rage mata dayis ɗaya har ta fito fili, wanda ke riƙe da ita kuwa yanzu tun daga jeren farko yake neman mata sarari.

Ranka ya daɗe, in da hali a riƙa ba irin waɗannan batutuwa ɗan gurbi a shafin matasa. Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano