Wai VVS ne: kira ga masu sayen daimon a Zongo

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan cinikin daimon da ya fara yawa a nan Kumasi, musamman tsakanin hajiyoyinmu na Aboabo da Asawase da Sawaba. Ni ƙirar zinari ce sana'ata, kuma yanzu da wuya sati ya wuce ba a kawo min zobe ko 'yan kunne in duba ba, wata ta ce daga Dubai aka kawo mata, wata ta ce a WhatsApp ta gani ta saya dan lefen ɗanta, kuma magana ɗaya ce a bakin kowa, wai VVS ne. In ka ce toh Hajiya ina takardarsa sai a ce maka ai mai shagon da bakinsa ya faɗa har da rantsuwa.

Jama'a VVS ɗin nan ba kamfani ba ne, mataki ne kawai a ma'aunin tsabtar dutse. Daimon, wato lu'ulu'u, a can ƙarƙashin ƙasa Allah Ya halicce shi, zurfin kilomita 150 ko fiye, cikin zafi da matsi, shi ya sa kusan kowanne da tabonsa. Wani za ka ga ɗan ƙwayar wani ma'adini ya maƙale a ciki, wani 'yar tsaga ce fara, wani ɗigo-ɗigo ne suka taru wuri ɗaya suka yi hazo, wani kuma a waje ne kawai ya ƙarzu wajen gogewa. Cibiyar GIA ta Amurka, mai binciken duwatsu masu daraja, wadda aka kafa a 1931, ita ta fito da ma'aunin a 1953 kuma shi duniya take bi, mataki 11 ne. Na sama FL, babu komai ciki da waje. Sai IF, cikinsa tas sai ɗan abin da ba a rasa ba a fatarsa. Sannan VVS1 da VVS2, tabon na nan amma ko gwani sai ya sha wuya kafin ya gano shi. VS1 da VS2 ƙanana ne ana ganinsu in an natsu, SI1 da SI2 kana sa gilashi za ka gani, su kuwa I1, I2 da I3 sau da yawa ido ma ya isa, kuma har sukan rage ƙyalli ko su sa dutse ya fashe in ya bugu.

Abin da mutane ba su sani ba shine duk wannan hukuncin da gilashi mai ƙara girma sau 10 ake yinsa, ɗan ƙaramin nan da muke ce wa lup. Abin da bai fito ba a sau 10 ba a lissafa shi, ko da na'ura mai ƙarfi ta gan shi. Kuma ba ɗauka kawai za ka yi ka leƙa ba. Sai ka wanke dutsen ka goge, dan maiƙon hannu da ƙura su ma tabo suke zama a ido, ka kama shi da hantsaki, ka manna gilashin a idonka ka jingina hannu da hannu dan kar ya yi rawa, sannan ka riƙa matso da dutsen a hankali har ya fito sarai, ka duba ta sama ka juya ta gefe ka duba ta gindi. Wani lokaci ɗigo ɗaya ne tak amma da yake ya zauna can ƙasa sai fuskokin dutsen su riƙa maimaita hotonsa ka ga kaman biyar ne ko shida. Masu awo abu biyar suke dubawa, girman tabon, yawansa, inda ya zauna, wane iri ne, da kuma yadda ya fita daban, dan baƙi ya fi fari tona asiri. Wurin zaman nan yana da muhimmanci sosai, tabo a tsakiyar fuskar dutse da wanda ke gefe inda ƙafar zobe za ta danne shi, kaman ƙurji ne a tsakiyar goshi da wanda ke bayan kunne ɗankwali ya rufe.

Toh a nan ne zancen masu talla yake rushewa. Su kansu manyan cibiyoyin sai dutse yana tsirara suke ba shi cikakken mataki, ba a cikin zobe ba, saboda zinari yana ɓoye gefe da gindi. Yanzu a kawo maka sarƙa mai ƙananan duwatsu barbaɗe ko'ina kaman ɗari biyu, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, a ce duka VVS ne, wa ya zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya? Haba.

Ni a ganina ko da VVS ɗin na gaskiya ne, mai sawa dan ado ba ta buƙatarsa. Bambancinsa da VS2 kuɗi ne masu yawa, amma a ido babu, SI1 mai kyau ma sau da yawa sai an sa gilashi. Wa zai zo wajen walima da lup a aljihu? Abin da ke sa dutse walƙiya har a hango shi daga nesa yanka ne, in an yanka shi da kyau haske ya shiga ya dawo, in an yi masa yankan banza ko FL ne zai zauna shiru ba rai. Tsabta ɗaya ce cikin abu huɗu, akwai yanka, akwai kala daga D zuwa Z, akwai nauyi, karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram ne, kuma ba shi ne karat ɗin gwal ba, a daina haɗa su.

Sai maganar jabu. Yawancin abin da ake tallarsa da arha ana ihun VVS moisanait ne, dutsen da ake yi a masana'anta, dole ya yi tsabta mana. Kuma ɗan biron nan na gwada daimon da ake ɗorawa kan dutse ya yi ƙara a nuna maka a bidiyo, tsohon samfurinsa zafi kawai yake aunawa kuma moisanait yana wuce shi lafiya lau. In ka leƙa shi da lup ta gefen fuska sai ka ga layukan gindinsa sun zama bibbiyu, daimon baya haka. Akwai kuma daimon na leb, wanda ake haɗawa da na'ura, shi kam daimon ne na gaske ba ƙarya, sai dai kuɗinsa ya yi ƙasa da na haƙa nesa ba kusa ba, dole a faɗa wa mai saye wanne ne. Wanda ya fi ba mu tsoro mu maƙera shine dutsen da aka cike tsagarsa da wani irin gilashi dan ta ɓace. In ka juya shi a haske za ka ga wani walƙiya shuɗi-shuɗi ko ruwan goro ya gifta a inda tsagar take. Irin wannan in aka kawo a rage zobe kuma maƙeri bai lura ba ya sa masa wuta, cikon ya lalace tsaga ta fito fili, sai rigima, mai kaya ta ce an canza mata dutse ko an fasa mata. GIA ma ba ta ba irinsu takardar mataki. Shi ya sa ni kafin in taɓa zoben kowa sai na miƙa mata gilashin ta gani da idonta tukuna.

Abin ma da ke ba ni mamaki, mu da muke Gana, ƙasar daimon. Tun 1919 aka gano shi a yankin kogin Birim, Akwatia ta yi suna a kansa, kuma mutanenmu na Zongo sun yi zama can sun ci abinci da shi. Gaskiya ne yawancin na Akwatia ƙanana ne, da yawa masana'antu ake kai su, sauran kuma ɗanye suke fita, a kai Antwap ta Beljiyam ko Dubai, a yanka a Surat ta Indiya, sannan ya dawo mana cikin akwati mai fitila mu saya ba mu iya karanta takardarsa ba.

Kuma Hajiya kar ki ɗauki daimon a matsayin ajiya irin ta gwal. Gwal ranar da buƙata ta taso awo ne, a ɗora a sikeli a duba farashin ranar a ƙirga miki sidi. Daimon sai kin nemi mai so, kuma in babu takarda mu nan nauyin zinarin kawai za mu biya, dutsen a ciro a ba ki abinki a ƙullin leda.

Dan haka duk mai sayen dutse babba ta nemi satifiket na cibiya mai zaman kanta irin GIA ko IGI ko HRD, ba katin da shago ya buga da kansa ba. Akwai lamba a takardar, a shiga shafin cibiyar a intanet a buga ta a ga ko nauyi da kala da mataki sun yi daidai, kuma duwatsu da yawa an rubuta musu lambar da hasken leza a ƙugu, wato gefen dutsen, a ce mai shago ya nuna da gilashi. Cikakkiyar takarda har zanen dutsen take ɗauke da shi, jan alama na tabon ciki, kore na waje. A kuma sa ya rubuta a rasit ko na haƙa ne ko na leb ne.

Edita in da hali ku tura wakilinku Akwatia ya zanta da dattawan da suka yi wannan harka tun suna samari, akwai masu sanin dutse sosai a cikinsu kuma suna ta ƙarewa.

Na gode, Allah Ya ƙara ɗaukaka jaridarmu.

Naku,
Wani maƙerin zinari, Aboabo, Kumasi