Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Mambobin Ƙungiya

'Yan'uwa mambobi, assalamu alaikum.

Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, ga bayanin abin da muka yi a bana. Lissafin kuɗi ma'aji zai kawo shi daban a taron gaba, don haka ba zan taɓa shi a nan ba.

Aikin da ya ci mafi yawan lokacinmu shi ne wanda kuka ɗora mana tun farkon shekara, wato mayar da bayanin sabon fitowar Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, zuwa Hausa. Ga waɗanda suka shigo daga baya, Python yana fitar da sabon zubi sau ɗaya a shekara, a watan Oktoba, kuma kowane zubi yana zuwa da doguwar takarda mai bayyana abin da aka ƙara, abin da aka canza da abin da aka cire. Na bana shi ne 3.13, wanda Thomas Wouters ya jagoranci fitar da shi ranar 7 ga Oktoba. Mun kammala fassarar, an raba wa mambobi. Amma mun sha wahalar da da mun yi haƙuri ba za mu sha ba, kuma laifin na kwamitin gudanarwa ne, ni ma ina ciki.

A watan Mayu aka fitar da zubin gwaji na beta na farko, wanda daga shi ake rufe ƙofar ƙara sababbin abubuwa. Muka ɗauka tunda an rufe ƙofa, takardar ma ta zauna ke nan, muka duƙufa. Ashe ƙofar shiga aka rufe, ta fita tana buɗe. Cikin abubuwan da muka fi ɓata dare a kansu akwai sashen sabon mai kwashe shara, wato ɓangaren da ke share ma'adanar kwamfuta daga abin da manhaja ta gama amfani da shi. An sake masa tsari yadda zai riƙa kwasa kaɗan-kaɗan maimakon ya tsayar da aiki ya kwashe gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu mata ta zauna ta zana misali da mai shara a kasuwa, wanda ke bin rumfa-rumfa ba tare da ya ce a tashi ba. Kowa ya yaba. Ana saura kwanaki kaɗan a fitar da zubin ƙarshe, masu Python suka gano sabon tsarin yana sa wasu ayyuka tafiyar hawainiya, suka janye shi, suka ɗage fitowar daga 1 ga Oktoba zuwa 7 ga wata. Shafukanmu suka tashi a banza. Ranar da muka zauna gyara kuma aka ɗauke wuta, muka ƙarasa da hasken waya, mutum ɗaya na karanta na Turanci, ɗaya na bi da biro a kan wanda muka buga.

Saboda haka kwamiti ya yanke cewa daga yanzu tsakanin Mayu da Satumba karatu da tara kalmomi kawai za a yi. Ba za a fara rubuta fassara ba sai zubin ƙarshe ya fito.

Wani wurin da aka yi doguwar muhawara shi ne kalmomi biyu da takardar ke yawan maimaitawa: abin da aka yi gargaɗin za a daina, da abin da aka riga aka cire. A daftarin farko duka biyun mun rubuta "an daina", kuma wannan kuskure ne mai haɗari, domin na farko yana nan yana aiki, na biyu kuwa babu shi. Wani dattijo a cikinmu ya ce ai kamar ɗan haya ne, akwai wanda aka ba wa wa'adi, akwai wanda aka riga aka fitar wa da kaya. Daga nan muka tsaya a kan "an ba shi wa'adi" da "an sallame shi". A ganina wannan ne mafi amfanin abin da muka samar a bana.

Bambancin kuwa ya yi rana, domin 3.13 ya sallami tsofaffin ɗakunan lamba (wato shiryayyun kayan aikin da ke zuwa tare da Python) guda 19 a lokaci guda, waɗanda aka ba wa wa'adi tun 3.11, ciki har da cgi, telnetlib, crypt da imghdr. An kuma cire 2to3, wanda ya taimaka wa mutane ƙaura daga Python 2. Wani mambanmu da ke kula da ƙaramin shafin rajistar ɗalibai ya sabunta kwamfutarsa da daddare, da safe shafin ya ƙi tashi, sai saƙon cewa babu cgi. Ya zo taron Asabar ransa a ɓace, muka buɗe fassararmu, ga sunan nan na cgi a jerin waɗanda aka sallama. Bai karanta ba. To, ina amfanin baɗi ba rai?

Sauran sassan ba su ba mu wuya ba. Sabon allon gwajin umarni, mai launi, wanda ke barin mutum ya gyara layuka da yawa lokaci guda, nuna shi muka yi a ajin masu koyo, ya fi bayani sauƙi. Game da zubin da ke aiki ba tare da kwaɗon GIL ba (kwaɗon da ke hana sassan manhaja ɗaya gudu a lokaci guda), da kuma JIT, ɓangaren da ke mayar da umarni zuwa harshen na'ura yayin aiki don neman ƙara sauri, mun rubuta da manyan baƙaƙe cewa duka biyun gwaji ne, domin mun ga ana yaɗawa a zaurukan WhatsApp cewa wai Python ya ninka gudu. Takardar ba ta faɗi haka ba.

Ajin masu koyo ya ci gaba duk Asabar, in ban da hutun azumi da salla. Har yanzu baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna ɓacewa a rubutun da wasu ke turowa daga waya. Python kansa yana karɓar suna irin ɗalibi ba tare da gardama ba, don haka matsalar ta allon rubutun waya ce, a daure a gyara kafin a turo.

Abin da ke gabanmu: 3.8 ya daina samun gyaran tsaro tun Oktoban bana, 3.9 kuma zai bi shi a Oktoban 2025, don haka duk mai aiki a kansu ya fara shirin ƙaura. A watan ne kuma ake sa ran 3.14 a ƙarƙashin Hugo van Kemenade. Muna neman mutum biyu da za su riƙa bin sauye-sauyen takardar tun daga Mayu, da wani mai kunnen Hausar Nijar da zai duba mana kalmomi, domin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun yi ƙorafin cewa aronmu daga Turanci ya yi yawa. Mai sha'awa ya ba da sunansa kafin taron Janairu.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya