Sunanta A'isha, amma kakarta Ajuji take kiran ta

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da aiki.

Na haifi yara biyu maza, duka Allah ya karɓi abinsa tun ba su iya zama ba. Yau wata 4 ke nan da ya sake ba ni, wannan karon mace. Ranar suna mahaifinta ya raɗa mata A'isha, aka yanka rago. Da dare ya faɗa min cewa a Larabci A'isha na nufin mai rayuwa, ga shi kuma sunan matar Manzon Allah (SAW) ne, 'yar Sayyadina Abubakar. Wallahi da na ji ma'anar sai da na yi hawaye.

Matsalar ita ce surukata. Tun ranar da cibiyar yarinyar ta faɗi, Hajiya ba ta kiran ta da komai sai Ajuji. Na tambayi gwaggona asalin sunan, ta ce na 'ya'yan wabi ne. A da, idan mace tana haihuwa suna mutuwa, sai a ɗauki jaririn a ajiye shi a kan juji kamar ba a son shi, sannan a ɗauko, wai don abin da ke ɗauke yaran ya raina shi ya ƙyale. Ta ce Ayashe da Abarta ma daga nan suka fito.

Anti, Hajiya ba muguwa ba ce. Ita ta yi min wankan jego, ita ke dama min kunun kanwa da asuba, kuma ita ma ta binne nata. Tsoro ne ke sa ta, na sani. Amma shekaranjiya yaran maƙwabta suka leƙo suna tambaya, "Ajuji ta tashi?" Sai na ji kamar an soka min wuƙa. 'Yar da na roƙa da kuka, a ce ta juji ce?

A Islamiyya an karantar da mu cewa Annabi (SAW) ya canza wa wata 'yar Sayyadina Umar suna mai nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Na faɗa wa maigida, ya ce in yi haƙuri, tsohuwa ce.

Shin akwai laifi a addini in na yi shiru? Kuma ta yaya zan roƙi Hajiya ta koma kiran ta Indo ko Shatu ba tare da na fama mata tsohon ciwo ba?

Taki,
Maman A'isha, daga Gusau