Hoton Yaƙe-yaƙen Salibiyya Da Muke Riƙe Da Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili domin in yi tsokaci kan yadda ake ambaton Yaƙe-yaƙen Salibiyya, wato yaƙe-yaƙen da Kiristocin Turai suka yi don ƙwace Birnin Ƙudus daga hannun Musulmi, duk lokacin da rigima ta taso tsakanin ƙasashen Yamma da na Musulmi, kamar dai fahimtar mutane game da su ba ta taɓa sauyawa ba tun 1095, shekarar da Paparoma Urban na Biyu ya yi kiran yaƙi a Clermont ta Faransa. A ganina, hoton da yawancinmu muke riƙe da shi a ƙarni na 19 aka zana shi.

A Turai ra'ayi ya sha juyawa. Mayaƙan da suka ci Birnin Ƙudus a 1099, suka karkashe Musulmi da Yahudawan cikinsa, ibada suka ɗauka suna yi. Masanan ƙarni na 18 irin su Voltaire da Gibbon kuwa wauta da tsattsauran ra'ayi suka gani a ciki. Da mulkin mallaka ya kankama sai aka sake wanke mayaƙan aka mai da su jarumai, har Sarki Louis-Philippe ya keɓe musu ɗakuna a fadar Versailles a daidai lokacin da Faransa ke mamaye Aljeriya. A 2001 kuma Paparoma John Paul na Biyu ya nuna nadama a Athens kan wawashe Kustantiniyya (Istanbul ta yau) da 'yan Salibiyya suka yi a 1204, alhali mazaunanta Kiristoci ne 'yan'uwansu.

Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, a wajen Musulmi ma an samu irin wannan sauyi. Gaskiya ne Salahuddin al-Ayyubi ya ƙwato Ƙudus a 1187 bayan yaƙin Hattin, amma ƙarnuka da dama Sarki Baibars na daular Mamluk, wadda ta mulki Masar da Sham, ne ya fi shi suna a bakin masu ba da labari a Masar da Sham. Sai da Turawa suka dawo da niyyar mallaka sannan sunan Salahuddin ya sake tashi: Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya ziyarci kabarinsa a Dimashƙa a 1898, daga baya kuma Masar ta zamanin Nasser ta ɗauki mikiyarsa ta zama tambarin ƙasa.

Zan so jaridarku ta gayyaci malaman tarihi na jami'o'inmu su rubuta mana wannan labari daki-daki da Hausa.

Naku,
Mai karatu daga Zariya