Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Wasiƙa Daga Marwa Zuwa Ngaundere

Marwa, daren Juma'a

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka sauka lafiya, ka kuma tarar da abokan zamanka lafiya. Mu nan sai godiya, zafi ne dai ya fara kankama. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Dalilin wannan takarda, wata magana ce da na so mu yi baki da baki kafin ka tafi, nauyi ya hana ni. Na kuma san da na ɗauko ta, kai za ka sunkuyar ka ce, "Lafiya lau nake, Baba." Kwana goma sha biyu ka yi a gida, ina lura da kai. Tuwon masakwa da miyar kuka da ka saba tashi da malmala biyu, wannan karon loma huɗu ka yi ka tsame hannu. Da ka zauna kan tabarma sai ka sassauta mazagi. Gyatsa ba ta barin ka. Wata asuba ina alwala na ga ka ɗauki buta ka zagaya, har aka tada iƙama ba ka fito ba. Ranar da innarka ta zo wanke maka kaya, ta tarar da ƙunshin kafso ja da rawaya a aljihun jaka, da wata gorar jiƙo irin ta masu tallar maganin basir. Ta kawo ta ajiye a gabana, ba ta ce uffan ba.

Shekara talatin na yi ina aikin asibiti a ƙauyukan Diyamare da na wajen Yagwa. Na tambayi dattawa sa'o'in mahaifina abin da ya fi wannan nauyi, kuma sun amsa mini. Ba zan ji kunyar ɗana in bar shi da ciwo ba.

Bari in fara da abin da kowa ke kauce wa faɗa. Ba dole ba ne mutum ya zagaya kullum kafin a ce cikinsa lafiya. Wani sau uku a yini, wani sau uku a mako, duk daidai ne, muddin abin yana fita da laushi, ba nishi, ba zafi, kuma mutum ya tashi ya ji ya gama. Abin dubawa shi ne in al'adarka ta sauya ta ƙi komawa: ka yi kwana uku ko huɗu shiru, in ya zo ya zo kamar kashin awaki, ko yau tauri gobe zawo, ciki ya kumbura kamar ganga bayan ɗan abinci kaɗan, iska ta dame ka, ƙwannafi ya tashe ka cikin dare. Mu nan duk wannan suna ɗaya muke ba shi, basir. Mai lasifika a tasha ma da wannan sunan yake cin kasuwarsa, ya haɗa ciwon baya da kasala da raunin mazakuta ya ce gora ɗaya za ta share su. Basir na gaskiya jijiyoyi ne da ke kumbura a dubura, kuma yawanci taurin bayan gida da yawan yunƙuri ne ke kawo shi. Jiƙon da ke sa mutum gudawa yakan sa ya ji sakayau kwana ɗaya, bayan nan hanji ya ƙara mutuwar jiki, sai ya koma ya sayi wata gorar.

Ka yi karatun da ban yi ba, amma ka bar ni in tuna maka yadda cikin yake. Ƙaramin hanji ya kai kusan mita 6, shi ne ke tsotse amfanin abinci. Babban hanji wajen mita ɗaya da rabi ne, kuma a cikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, tiriliyoyi, waɗanda ba cuta ba ne. Ni garke nake ɗaukar su, garken da Allah ya ba kowane mutum kiwo. Abincinsu shi ne abin da ƙaramin hanji bai iya narkarwa ba: dusar hatsi, ɓawon wake, zare-zaren ganye, yauƙin kuɓewa da lalo. In sun ci, sukan fitar da abin da ke ciyar da bangon hanjin kansa, su tausasa bayan gida, su kuma hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama. A 2010 wasu masana suka gwada cikin yaran wani ƙauye a Burkina Faso da na yaran birnin Florence a Italiya. Yaran ƙauyen, masu cin gero da dawa da wake da ganye, su aka samu da ire-iren waɗannan halittu masu yawa fiye da na Turai. Abincin da aka samu a kwanonsu shi ne wanda innarka ke tuƙawa kowane dare.

To yanzu ka dubi kwanonka a Dang, unguwar jami'arku. Na tambayi ƙaninka da ya kwana biyu a ɗakinka, ya zayyana mini: safe burodi da Nescafé, rana ba komai sai lemon kwalba, dare taliya da mai da dunƙulen ɗanɗano biyu, wani lokacin sai sha ɗaya ta wuce. Duk wannan fari ne tas, an cire masa dusa tun a injin. Ƙaramin hanji zai shanye shi kaf, garken nan na babban hanji ya kwana da yunwa. Abin da ke ba ni takaici, a ƙasar albarka kake zaune. Mu nan Marwa da tsada muke sayen fiya da ayaba, ku kuwa a bakin hanya ake kasa su, ga gwaiba, ga mangwaro in lokacinsa ya zo, ga dankali, ga nono da duk Kamaru ta san Adamawa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya samu aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini. Ba sai ka nemi sikeli ba: gwaiba biyu, ayaba ɗaya, da miyar ganye mai kauri wadda cokali zai tsaya a ciki, ka kusa kaiwa.

Wake shi ne naman ɗalibi, kada ka guje shi don yana sa iska. Ka jiƙa shi tun dare, da safe ka zubar da ruwan, ka dafa shi ya yi luguf. Ka fara da kaɗan, ka riƙa ƙarawa cikin mako biyu ko uku, domin cikin da ya daɗe bai ga irin wannan abinci ba, in aka danƙara masa rana ɗaya kumburi zai yi. Ka kuma bi shi da ruwa sosai. Sanyin Ngaundere na ɓoye ƙishirwa, mutum ya yini bai sha kofi uku ba. Fitsarinka ne ma'auni: in ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi maka kaɗan.

Kindirmo kuwa ka mai da shi abokin kullum, ko da rabin kofi ne, domin a cikinsa akwai masu rai irin waɗanda hanji ke so. Amma ka san hannun da kake saye. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ke kama gaɓoɓi, sannan wata mai tallar takan sirka da ruwan da ba ka san rijiyarsa ba. In ka samu hali ka yi naka: ka tafasa madara, ka bar ta ta huce ta koma ɗumi-ɗumi, ka zuba cokali biyu na kindirmon jiya, ka rufe ta kwana.

Yanzu zancen kafson nan, wanda shi ya fi hana ni barci. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya tantance baƙo da ɗan gida. Duk sanda ka haɗiyi biyu don ciki ya murɗa, ka saki wuta ne a makiyayar garkenka, kuma yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ta farfaɗo. Miyagun da suka tsira kuma sun koyi maganin, ranar da za ka bukace shi da gaske ba zai ci su ba. Balle wanda ya yini a tire cikin rana, ba a san ranar da aka yi shi ba, ba a san ranar lalacewarsa ba. Ka zubar da sauran. Haka Flagyl da kowa ya mayar kamar goro. Tramol kuwa ban zarge ka da shi ba, amma na san yana yawo a hannun samari lokacin jarrabawa, kuma ban da abin da yake yi wa ƙwaƙwalwa, yana ɗaure hanji tamau.

Innarka ta ce ka faɗa mata wai olsa ce ke damun ka, saboda yunwa da barkono. Mu ma haka aka koya mana da farko. Sai wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke zaune a tumbi tana cin bangonsa. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya kurɓi ƙwayar da kansa, ya kwanta ciwo, a 2005 kuma aka ba su kyautar Nobel. Fiye da rabin mutanen Afirka na ɗauke da ita, yawanci tun ƙuruciya, kuma da yawa ba ta taɓa damun su. Wanda ta dama, ana gano ta da gwaji, a haɗa masa magunguna na kwana 10 zuwa 14, a rabu da ita. Yunwa da yaji suna tsokanar ciwon ne kawai. Madara da ruwan kanwa da mutanenmu ke sha suna kwantar da zafin na ɗan lokaci, gyambon yana nan yana ci.

Abu na biyu da ke huda tumbi shi ne maganin ciwon jiki, irin su diklofenak da ibuprofen, har da asfirin. Wannan a jikina na gani. Kana aji uku na firamare lokacin, ba lallai ka tuna ba. Gwiwa ta matsa mini, ga aiki, na riƙa shan diklofenak safe da yamma, sau da yawa da shayi kawai a cikina, wata biyu cur. Na fara jin zafi a ƙahon zuci na share. Wata safiya na ga bayan gidana baƙi ƙirin kamar kwalta, da wani wari da na sani sarai daga marasa lafiyata. Na fito zan ɗauki buta, ƙasa ta juya, sai farkawa na yi na ga innarka tana yayyafa mini ruwa tana salati, kai kuma kana tsaye a bakin ƙofa da allonka a hannu. Leda biyu ta jini aka ƙara mini. Fuskarka ta ranar ce nake gani duk sanda na tuna gorar nan da aka fitar daga jakarka.

Saboda haka ga abin da ba a jira da shi, ko tsakar dare ne: baƙin bayan gida irin wanda na faɗa, ko jini a ciki, ko aman jini. Haka ciwo mai tsanani da ya tsaya a ƙasan ciki ta dama, ko zazzaɓin da ya yi kwanaki tare da ciwon ciki, ko idanu su yi rawaya, ko abinci ya riƙa tsaya maka a wuya, ko ka ga kana ramewa ba dalili. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa kuwa, wannan gudu ake yi. Na yi aikin kwalarar 2010 da ta ci ɗaruruwan mutane a wannan yanki namu, musamman wajen Mokolo. Na ga ƙato majiyi ƙarfi ya shigo da ƙafarsa da hantsi, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, fatar hannunsa in ka ja ba ta komawa. Ka haddace wannan: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa kurɓa ana kan hanyar asibiti. Ruwan rijiyar gidan hayarku kuma ka tafasa shi, damina ko rani, ka ajiye sabulu kusa da buta.

Sauran ƙanana ne, ka san su. Ka tsayar wa cinka lokaci, ka zauna ka tauna, kada ka kwanta sai abincin dare ya yi awa biyu ko uku. In bayan gida ya kira ka, kada ka danne don kana aji. Ka riƙa taka ƙafa maimakon hawa babur kowane ɗan taƙi. Damuwa ma a ciki take sauka, shi ya sa wasu ke zawo ranar jarrabawa, don haka ka ba barci haƙƙinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raba mana ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Wanda ya yini da yunwa ya zo dare ya cika ukun da taliya, ba zai ji daɗin kwana ba.

Na tura maka sefa dubu goma sha biyar ta waya. Ba na littafi ba ne, ba na haya ba. Ranar Litinin ka shiga gari ka ga likita, ka faɗa masa komai yadda yake, har kafson da jiƙon da tsawon lokacin da ka yi kana sha, domin wasu magungunan suna ɓoye ƙwayar a gwaji. Ka roƙa a duba bayan gidanka, a nemi tsutsa da ƙwayar nan ta olsa. Abin da ya rubuta ka saya a farmasi, ka shanye shi har ƙarshe ko da ka ji sauƙi a kwana na uku.

Innarka ta haɗa maka saƙo, motar jibi za ta taho da shi: garin masakwa wanda ta hana a surfa sosai, kuka, busasshiyar kuɓewa, zogale, tafasa, daddawa, tsamiya, wake kwano biyu, da albasa. Ta ce kukar a rufe ta da kyau saboda danshin garinku, tsamiyar kuma ta kunun safe ce, ba ta ajiya ba. In ka karɓi takardar gwajin, ka ɗauki hotonta ka turo mini, sannan ka kira ni bayan sallar isha'i, lokacin tsakar gida ta yi shiru.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar karatu.

Mahaifinka