Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Tennessee ta Amurka, Bill Lee

Mai girma Gwamna,

Bayan gaisuwa. Ni direban tasi ne a Memphis, baƙar fata, kuma hannun da ka sa a wata doka cikin watan Maris na 2024 ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar 7 ga Janairun 2023 'yan sanda suka yi wa Tyre Nichols, wani matashi baƙar fata a nan Memphis, dukan kawo wuƙa, kusa da gidan mahaifiyarsa, yana ta kiran ta. Bayan kwana uku ya cika a asibiti. Shugabar 'yan sandan birnin da kanta ta ce ba a ga shaidar tuƙin gangancin da aka ce saboda shi aka tare shi ba. A lokacin kai ne ka ce jihar nan ba za ta lamunci irin wannan zalunci ba. Mun ji, mun kuma riƙe.

Majalisar birnin Memphis ta yi iya nata: ta hana a tare mota don kawai fitilar baya ɗaya ta mutu ko bamba ta yi sako-sako. Sai 'yan majalisar jiha suka kawo dokar da ta rushe wannan. Iyayen Tyre suka taka har Nashville, babban birnin jiha, suna roƙo, kai kuma ka sa hannu. Ashe rashin lamuntar taka ta wata goma sha huɗu ce.

Ranka ya daɗe, ana fakewa da guzuma ne ana harbin karsana. Fuskar direba ake fara gani, sannan a nemo fitilar. Tun 1996 Kotun Ƙolin Amurka ta ce in dai akwai ɗan laifin hanya, ba ruwanta da abin da ke zuciyar ɗan sanda. Ƙofar da Memphis ta so ta ɗan kara ke nan, ka sake wangale ta. Za a ce ai waɗanda suka kashe Tyre su ma baƙaƙe ne. Haka ne. Amma wa aka tare?

Na san akwai dokar 2015 da ta ce kowace rundunar 'yan sanda ta rubuta cewa ta haramta wariyar launin fata. An rubuta. Ni dai har yau kowane dare sai na zagaya motata na duba fitilu kafin na fita.

Wa'adinka zai ƙare a Janairun 2027. Kafin nan, don Allah ka nemi majalisa ta mayar wa birane ikon da aka ƙwace musu.

Naka,
Wani direba a Memphis